Kafin ka hau tsaunukan Alps na Turai bayan guguwar dusar ƙanƙara

1. Duba sanarwar SLF, cibiyar binciken dusar ƙanƙara da zaftarewarta da ke Davos a Suwizalan. Ma'aunin haɗarin zaftarewar dusa daga 1 zuwa 5 yake. In ya kai 4, ka haƙura.

2. Guji gangaren da ya kai digiri 30 zuwa 45, musamman inda iska ta tara sabuwar dusa. Nan ta fi zaftarewa, don ba ta gama kama ta ƙasa ba. Ka ji ta yi "wuf" ƙarƙashin ƙafarka, ko ka ga ta tsage? Juya kawai.

3. Kunna na'urar gano wanda dusa ta binne, ka ɗauki shebur da sandar lalube.

4. Ku ƙetare gangare ɗaya bayan ɗaya. Wanda dusa ta rufe, da ya wuce minti 15, tsirarsa sai ta yi wuya.