Yadda ake haɗa allon kare wutar lantarki mai hana ruwa shiga daga yadi ko takarda

Duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar rediyo ko akwatin fiyus na da ya ga wani allo ruwan kasa, mai tauri, wanda ake ɗaure wayoyi a kansa. Ainihinsa takarda ne ko yadin auduga da aka shayar da ƙaron masana'anta aka matse. Tun 1907 Leo Baekeland ya haɗa ƙaron da aka sani da Bakelite, ba a jima ba kamfanin Westinghouse ya fara shayar da takarda da yadi da irinsa, ya kira abin Micarta. Kai ma za ka iya yin ɗan'uwansa a wurin aikinka da epoksi, wato ƙaron masana'anta da ake haɗawa da maganin daskarwa ya yi tauri, don kafa tashar wayoyi, ko raba ƙarfe biyu, ko shimfiɗa a ƙarƙashin koyil. Na ga masu koyo da dama sun gwada, kuma kusan dukkansu wuri ɗaya suke faɗuwa: suna zuba ƙaro a kan zaren da ke da laima, su kulle ruwan a ciki da hannunsu.

Fara da zaɓen zare. Ni yadin auduga fari nake so, mara rini, mara zane, mai ƙaramar saƙa. Takardar kiraf ruwan kasa ma tana yi, ita ce ake naɗe wayoyin taransifoma da ita, sai dai tana da wuyar shan epoksi mai kauri. Kada ka taɓa jarida ko takardar da aka yi bugu a kanta, domin baƙin tawada daga gawayi yake, gawayi kuwa yana bai wa wuta hanya. Saboda wannan dalilin zaren kabon, duk da ƙarfinsa, ba shi da gurbi a wannan aiki. Yadin roba kuma ƙaro ba ya kama shi da kyau. Idan allon waje zai zauna, ruwan sama na dukansa, ka bar auduga ka nemi yadin zaren gilashi. Da shi da epoksi ake yin koren allon da ke cikin waya da kwamfuta, wanda ake kira FR-4.

Sabon yadi yana zuwa da sitaci da sauran abin da masaƙa ta sa masa. Tafasa shi cikin ruwa tsawon rabin awa, ka zubar, ka ɗauraye sau uku. Ɗaurayar ƙarshe ka yi ta da ruwan da aka tace ta hanyar tururi, irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ɗin ba. Dalili shi ne gishirin da ke cikin ruwan famfo yana zama a jikin zare bayan ruwan ya bushe, ranar da laima ta dawo kuma sai ya narke ya zama titin wuta. Ban da sabulu mai ƙamshi, ban da maganin tausasa tufafi. Ka shanya, ka goge, ka yanka shi falle-falle daidai girman allon da kake so, ka bar rarar santimita 2 a kowane gefe.

Yanzu busarwa, kuma a nan zan daɗe. Yadin da ya sha rana ya bushe ƙayau a hannunka, amma bai bushe ba. Auduga da takarda suna jan ruwa daga iska su riƙe shi a cikin zaren kansa, a ɗaki na yau da kullum kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari na nauyinsu ruwa ne. Wato a cikin giram 100 na yadi akwai ruwan da ya fi cikin ƙaramin cokali, ba ka ganinsa, ba ka jinsa. Masu ƙera manyan taransifoma suna gasa takardarsu a cikin tankin da aka zuƙe wa iska har laimar ta sauko wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari kafin su zuba mai. Kai ba ka da wannan tanki, amma kana da oban da sikeli, kuma sun isa.

Auna fallayen duka a sikelin da ke nuna giram da ɓangarensa, ka rubuta. Sa su a oban mai zafin digiri 105 a ma'aunin Salshiyos, a warwatse, kada ka jibge su, ka ɗan buɗe ƙofar yadda tururi zai sami mafita. Bayan awa 2 ka fitar ka auna da sauri, ka mayar. Bayan wani rabin awa ka sake aunawa. Muddin nauyi na raguwa, ruwa na fita, ka ci gaba. Sai ka auna sau biyu a jere ka sami lamba ɗaya sannan aikin ya ƙare. Kada ka ƙara wuta don ka yi sauri. Da zarar auduga ta fara komawa ruwan ɗorawa ta fara ƙonewa, ƙarfinta ya ragu, kuma toyayyen zare kabon ne. In za ka iya ware oban dabam don wannan aiki ya fi, musamman da yake daga baya za a gasa ƙaro a ciki, kuma ba a haɗa shi da wurin dafa abinci.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici yana zuwa ne bayan an yi duk wannan daidai. Mutum ya busar da yadi awa uku, ya fitar ya ajiye a kan tebur, sannan ya tafi neman kofin dama epoksi. Busasshen zare ƙishirwa gare shi, nan take yake fara jan laima daga iska, in damina ce kuwa abin ya fi sauri. Ni kaina na taɓa yin haka da wani allo da na yi wa akwatin famfon ruwa. Ya fito da sheƙi, na gwada ya nuna lafiya, bayan 'yan makonni na ga fari-fari kamar hazo a cikinsa, mita kuma ta nuna wuta na ɗiga tsakanin ƙusoshi biyu. Tun ranar nake shirya komai kafin in buɗe oban. In dole ne a jira, yadin ya shiga kwalba ko gwangwani mai murfin roba tun yana da zafi, a rufe gam. Kuma daga nan ba a taɓa shi da hannu tsirara, gumi gishiri ne da ruwa.

Ƙaron da za ka saya shi ne epoksi mai ruwa-ruwa, mai jinkirin daskarewa, wanda aka yi don shayar da yadi. Wanda ke kamawa cikin minti 5 ɓata kuɗi ne a nan, zai daskare a saman zare bai shiga ciki ba. Wanda aka gauraya da garin ƙarfe, mai launin toka, kada ya kusanci aikin. Ka bi ma'aunin da ke jikin gwangwani ba ƙari ba ragi, ka kuma duba ko da nauyi aka ce ko da cikin kofi, don ba ɗaya ba ne. Masu koyo suna ƙara maganin daskarwa wai don ya yi saurin kamawa. Ba haka epoksi yake aiki ba, rarar tana zama a ciki ba ta haɗu da komai ba, ta bar allon da taushi, ta kuma riƙa jan ruwa. Dama a hankali minti 3, kana kankare gefe da gindin kofi, ba bugawa kamar ƙwai ba, don kada ka cika shi da kumfa. Ka dama kaɗan-kaɗan, domin mai yawa a kofi ɗaya yana yin zafi da kansa har ya yi hayaƙi.

Idan ya yi maka kauri, kada ka zuba tina. Tana ƙafewa ta bar ƙananan ramuka, ruwa ya bi ta nan. Ka sa gwangwanayen a rufe cikin ruwan ɗumi kafin ka haɗa, kamar digiri 30 zuwa 35, za su saki. Sa safar hannu, ka buɗe taga, maganin daskarwar yana sa wa fata ƙaiƙayin da in ya kama mutum da wuya ya rabu da shi.

Shimfiɗa leda mai kauri a kan gilashi ko shafaffen ƙarfe, epoksi ba ya manne wa leda. Shafa ƙaro a kanta tukuna, sannan ka ɗora falle na farko, yadda ƙaron zai taso daga ƙasa ya kori iska sama. Danna da buroshi, dannawa ba shafawa ba, har launin yadin ya canza gaba ɗaya. Duk inda ka ga fari, busasshen wuri ne, kada ka wuce shi. Ɗora na biyu, ka juya saƙarsa ta gicciye ta farko, haka har ka kai kaurin da kake so. Da yadi mara kauri falle 8 zuwa 10 sukan ba ni kusan milimita 3. Bayan kowane falle ka bi da katin roba daga tsakiya zuwa gefe ka fitar da kumfa. Kumfa ɗaya a cikin allo rami ne da tartsatsi zai fara ci daga ciki.

Rufe da wata leda da wani farantin, ka sa ƙarafa biyu masu kaurin da kake so a gefe don su tsayar da matsi, sannan ka matse ko ka ɗora nauyi. Ƙaro ya ɗan tsatso ta gefe, alama ce mai kyau. In ka matse har ya tsiyaye duka, zare zai fito tsirara a sama. Bar shi awa 24, ka ɓare, sannan in gwangwanin ya yarda ka gasa shi a digiri 60 na awa 4 zuwa 6, a tsakanin farantan don kada ya lanƙwashe.

Yanka da zarto mai ƙananan haƙora, ka huda ramukan ƙusoshi, ka goge da samfefa, da takunkumi a fuska. To, kowane yanka da kowane rami ya buɗe bakin zare, kuma zare lagwani ne, zai ja ruwa daga gefe har tsakiya. Mayar da allon oban awa ɗaya a digiri 60, ka shafe gefuna da cikin ramuka da sabon epoksi sau biyu. Shi ya sa nake huda rami ya ɗan fi ƙusa faɗi.

Kakin kyandir hanya ce mai araha, ana tsoma busasshiyar takarda a narkakken kaki har kumfa ta daina tashi. Yana hana ruwa sosai, amma yana narkewa tun wajen digiri 50 zuwa 65, don haka bai dace da kusa da abin da ke ɗumi ba. Banish na masu naɗin koyil ya fi shi, idan tef mai lanƙwasuwa kake so maimakon allo. A tsarin rabe-raben masu kare wuta, auduga da takarda tsura iyakarsu digiri 90, waɗanda aka shayar kuwa 105. Allonka kada ya wuce abin da epoksinsa zai ɗauka, wanda sau da yawa bai kai haka ba.

Gwaji ba da ƙaramar mita ake yi ba, batirinta bai isa ya tona asirin allo ba. Nemi mitar gwajin kariya, wadda aka fi sani da Megger. Yanki ɗan guntu ka rufe gefunansa, ka auna nauyinsa, ka matse shi tsakanin faranti biyu na ƙarfe, ka ba shi bolt 500 na minti ɗaya, ka rubuta juriyar da mitar ta nuna. Jiƙa shi a ruwa awa 24, ka goge, ka sake auna nauyi da juriya. A wurina, in nauyi ya ƙaru fiye da kashi 1 cikin ɗari, ko juriyar ta faɗo ƙasa da megom 100 (megom shi ne ma'aunin juriya a mitar), allon bai yi ba, kuma na fara zargin gefuna kafin komai. Wanda ya ci gwajin ka yi amfani da shi a ƙananan ayyuka, batir, sola, da wutar gida a cikin rufaffen akwati. Epoksi na gama-gari yana cin wuta, don haka ka nisanta shi da inda tartsatsi ke tashi, layin babbar wuta kuwa a saya masa na masana'anta mai shaidar gwaji.