Shirin ma'aikacin lafiya kafin annoba ta iso

Zazzaɓin Lassa yakan yi ƙamari daga Disamba zuwa Afrilu, kwalara kuma da damina take zuwa. Tunda lokacin sananne ne, a gama shiri tun kafin a cika gadaje.

Ku fara da jikinku. Rigakafin ciwon hanta nau'in B allura uku ne: ta farko, sai bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. In allurar majinyaci ta soke ku, ku wanke da ruwa da sabulu, kada ku matse wurin, ku kai rahoto nan take. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28.

Wajen haɗa kulorin, wato ruwan bilic na kashe ƙwayoyin cuta, ana yawan yin kuskure. In bilic ɗin mai ƙarfin 3.5% ne (a duba jikin robar), kofi ɗaya da ruwa kofi shida shi ne 0.5%, na goge jini, amai da gadaje. Na wanke hannu 0.05% ne: kofi ɗaya na wancan haɗin da ruwa kofi tara. A haɗa sabo kullum, a ajiye a inuwa cikin robar da aka rufe, domin rana da zafi suna kashe ƙarfinsa. Kada a dogara da haɗin jiya.

Takunkumin N95, mai tace iskar da ake shaƙa, ba ya kama fuska in akwai gemu, iska ta gefe take shiga. Magana ce mai nauyi a wurinmu, amma gara a tattauna ta da shugaban sashe tun yanzu. Wajen cire kayan kariya kuwa a samu abokin aiki ya tsaya yana kallo, domin gajiya ce ke kai hannu ga ido. Takunkumi ne ƙarshe, a kamo shi ta igiyar baya.

A gida, takalmi da rigar aiki su tsaya a zaure, a yi wanka kafin a ɗauki yaro. A tanadi ruwa aƙalla lita 15 ga kowane mutum a rana, da maganin hawan jini ko suga na wata guda, da tocila, da takardun aiki cikin leda. Ambaliyar Maiduguri ta Satumba 2024 cikin dare ta shigo.

Wanda ya taɓa mai Lassa ba kariya, ya auna zafin jikinsa safe da yamma har kwana 21. In ya kai digiri 38, kada ya ce maleriya ce ya sayi magani a kemis. Ya keɓe kansa, ya kira NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, a 6232.