Gangar Ƙarfe ko ta Katako: Wacce Ɗan Koyo Zai Fara da Ita?

Ina koya wa yara kiɗan badujala a nan Sakkwato, kuma kullum iyaye na tambayata wace gangar siniya za su saya, wato ƙaramar gangar nan mai wayoyi a gindi. Ni dai shawarata a fara da ta ƙarfe.

Amon ƙarfe kaifi gare shi, kuma yana zuwa nesa. In yaro na bugu a filin fareti ranar 27 ga Mayu, ga bigila ga babbar ganga, ta ƙarfe ce za a ji. Ta katako muryarta kauri da taushi, ta fi daɗi a ɗaki ko a situdiyo, musamman wadda aka yi da itacen ƙasashen Turawa da ake kira mafil. Sai dai tsada gare ta, masu arahar kuwa katakonsu laushi ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yanayinmu. Jikin gangar katako siraran falle-falle ne aka lanƙwasa aka liƙe da gam. Hunturu ya busar da shi, zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 ya gasa shi, damina ta zo ya sha raɓa. In ba a killace ta ba, sai bakin da fata ke zama a kai ya karkace, ɗaurin fatar ya ƙi zama. Yaro ɗan shekara goma kuwa a rana zai yar da ita ya tafi ƙwallo. Ƙarfe abokin gabansa tsatsa ce kawai: a goge da busasshen tsumma, a ɗiga ɗan mai a ƙusoshin da ke ɗaure fata, shi ke nan.

Ƙarfen ma iri-iri ne. Baƙin ƙarfe mai rufi mai ƙyalli ya fi araha da ƙara. Alminiyam amonsa ba ya daɗewa yana kuwwa, da shi aka yi shahararriyar Supraphonic ta kamfanin Ludwig. Tagulla na da zaƙin murya, amma ba kuɗin ɗan koyo ba ne.

Ka nemi mai faɗin inci 14, zurfin inci 5 ko 5 da rabi. Mai zurfin inci 6 da rabi ta fi kaurin murya, ta fi nauyi a kafaɗar yaro.

Ko daga Kano za a kawo maka ita ko daga kasuwar Alaba a Legas, sa mai kawowa ya duba. Ya ƙirga ƙusoshin ɗauri, takwas ko goma, ya bar mai shida. Ya juya kowacce da makulli ya ji ko tana kamawa. Ya ɗaga hannun da ke kama wayoyi ya sauke, ya ga suna kwanciya daidai a kan fatar ƙasa, don su ke ba da zizar nan irin ta igiyar da makaɗanmu ke ɗaura wa ganga. In ta hannu ce, a cire fata a duba baki, ko lotsewa kaɗan ta isa a fasa ciniki.

Canjin da ya rage, don Allah, ka sayi fata mai kyau ta kamfanin Remo ko Evans. Wajen ɗauri ka riƙa tsallakawa daga ƙusa ɗaya zuwa wadda ke fuskantarta, rabin juyi rabin juyi. In kuwwa ta yi yawa, manna ɗan salatif a gefen fatar sama.