Kafin ka sayi gida a waje, fara da gidanka na Abuja

Duk wanda biza ta fito masa, ko aikin asibiti ne a Ingila ko na kamfani a Dubai, maganar farko da ƴan uwa ke yi masa ita ce "da ka isa ka nemi gida ka saya, haya asara ce". Ni kam shawarata ka yi shekara guda kana haya tukuna, ka san unguwa, ka san dokarsu. Kuma aikin ma ba can yake farawa ba, nan yake farawa tun kana haɗa kaya.

Idan kana da gida ko fili a Abuja, ka je AGIS, ofishin da ke riƙe da bayanan filayen Abuja, da ƙafarka ka duba fayil ɗinka, ka biya harajin fili na shekara-shekara har ka karɓi rasit. A watan Maris na 2025 ministan Abuja Nyesom Wike ya soke takardun filaye 4,794 saboda an haura shekara goma ba a biya ba, toh kai da za ka yi nisa wa zai riƙa bibiya maka? Sannan ka shiga FCT-IRS, hukumar tara haraji ta Abuja, ka karɓi takardar shaidar biyan haraji, tana nuna shekara uku na baya, za ta yi maka amfani can fiye da yadda kake zato. Wanda za ka bar wa gidan, ko ƙaninka ne uwa ɗaya uba ɗaya, lauya ya rubuta takardar wakilci a fayyace: ya karɓi haya, ya yi gyara, ya biya haraji, amma ba shi da ikon sayarwa. Ba rashin yarda ba ne, zumuncin ake karewa.

Kar ka ɗauka da ka hau jirgi ka fita daga lissafin harajin Najeriya. Kuɗin hayar gidan da ke nan, nan ake biyan harajinsa ko kana ina. Kuma sabuwar dokar haraji da ta fara aiki 1 ga Janairun 2026 ba kwana 183 kawai take dubawa ba, idan ka bar iyalinka da harkokinka a nan, ko kana da gidan da ke jiranka a buɗe, ana iya ƙirga ka a mazaunin ƙasa, shi kuma mazauni ana duba abin da ya samu a ko'ina. Ka zauna da akanta kafin tafiya, awa ɗaya ta isa.

Yanzu ga inda mutanenmu suka fi ƙonewa, musamman a Ingila. Akwai harajin sayen gida da suke kira sitam duti, kuma idan kana da wani gidan zama a ko'ina a duniya da ya kai fam 40,000, za a ɗora maka ƙarin kashi 5 cikin 100 na kuɗin sabon gidan. A ko'ina fa, har gidanka na Gwarinpa ko Lokogoma. Idan kuma ba ka cika kwana 183 a ƙasar ba cikin shekarar da ta gabaci sayen, ga wani kashi 2 a kai. Wani ɗan uwana ya ga gida na fam 250,000 wata huɗu da isarsa, ya gama lissafi har ya kira Hajiya ta sa albarka, sai lauya ya miƙo masa fom yana tambaya ko ya mallaki gida a wani wuri, ya rubuta gaskiya, nan take lissafin ya ƙaru da fam 17,500, dubu 12,500 saboda gidan Abuja, dubu 5 saboda sabon zuwa ne. Wallahi da ya kira ni muryarsa rawa take yi. Da ya jira ƴan watanni da kashi biyun nan bai hau kansa ba tun farko, duk da ana iya neman a dawo da shi idan ka cika kwanakin daga baya. Kashi biyar ɗin ma ana dawowa da shi idan wancan gidan naka shi ne wanda kake zaune a ciki a da, kuma ka sayar da shi cikin shekara uku. Rangwamen da suke yi wa mai sayen gidan farko kuwa ka manta da shi in dai ka taɓa mallakar gida, ko gado ne. Dan Allah kar wani ya ce ka ɓoye, sa hannu kake yi a takardar gwamnati.

Lauyan zai kuma tambaye ka daga ina kuɗin suka fito, ba wasa. Shi ya sa tura kuɗi ta hannun ɗan canji a Zone 4 ya sa wani ya zuba maka a akawun can yake zama matsala, babu takarda. Ka bi ta banki, ka ajiye yarjejeniyar sayar da fili, takardar rabon gado, da bayanan akawun. Ka kuma tambaya ko ƙasar da gidan ke kai taka ce har abada ko ta wa'adi ce kamar shekara 99 ko 125, yawancin fulat a Ingila na wa'adi ne kuma akwai kuɗin kula da gini duk shekara. Mai gudun riba, akwai bankunan Musulunci irin su Gatehouse da kuke sayen gidan tare kana biyan haya kana sayen kasonsu a hankali.

Shekarar haraji a Birtaniya daga 6 ga Afrilu take farawa. Tun Afrilun 2025 sabon zuwa da ya yi shekara goma ba ya zaune a can yana iya neman a yafe masa harajin kuɗin da ya samu a waje na shekara huɗu, amma sai ka nema a fom, kuma za ka rasa fam 12,570 ɗin da ba a cire wa haraji, don haka idan hayar gidan Abuja ba ta taka kara ta karya ba ka lissafa da kyau. Bayan nan akwai yarjejeniyar 1987 tsakanin Najeriya da Birtaniya da ke hana a caje ka sau biyu, rasit ɗin harajin da ka biya a Najeriya shi ne hujjarka.

Dubai babu harajin albashi, amma kashi 4 cikin 100 na kuɗin gidan ne kuɗin canza sunan mai shi, kuma baƙo a wasu unguwanni kawai yake iya mallaka. Amurka ba ta da yarjejeniyar hana cajin haraji sau biyu da Najeriya, kuma idan kuɗinka a bankunan gida suka haura dala 10,000 dole ka sanar da gwamnatin Amurka duk shekara. Kanada ta hana yawancin baƙi sayen gida a birane har zuwa farkon 2027.

Ranar tafiya, takardun nan duka ka ɗauke su hoto a waya, asalin C of O, wato takardar mallakar fili, kuma ya shiga jakar hannunka ko ma'ajiyar banki, kwafi kawai za ka bar wa wakili.