Yadda za ka gwada ko madubin bindigar farauta yana riƙe saiti

Ba sai ka ƙona harsashi ko ɗaya ba. Cire madubin daga jikin bindigar, shi kaɗai za a gwada.

1. Nemi guntun ƙarfe mai nauyi, ka ɗaure masa layin ɗora madubi, irin na Picatinny, sannan ka kafe shi a teburin da ba ya girgiɗi. Nan aikin yake. In ƙarfen ya motsa ko kaɗan, madubin za ka ɗora wa laifi alhali ba ruwansa.

2. Zana layuka a tsaye da a kwance a farin kwali, santimita 1 tsakani, ka manna shi a bango mai nisan mita 100.

3. Ɗora madubin, ka daidaita giciyensa, wato siraran layuka biyu da ake gani a cikinsa, kan ɗigon tsakiyar kwalin.

4. Ɗauki gudumar roba ka bubbuga ƙarfen ta gefe da ta sama, a hankali. Kada ka taɓa jikin madubin, ba ƙusa kake kafawa ba. Leƙa ka gani: giciyen yana nan ko ya goce? Riƙa ajiye ido wuri ɗaya, domin sauya mazaunin ido kaɗai yakan sa giciyen ya yi kamar ya motsa.

5. Murɗa saitin, kana ƙirga ƙarar "ƙas" da yake yi: ƙas goma sama, goma dama, goma ƙasa, goma hagu. Dole giciyen ya dawo kan ɗigon. A madubin da aka rubuta 0.1 mil (ma'aunin kusurwa ne, ba mil na tafiya ba), kowane ƙas santimita 1 ne a wannan nisan, don haka goma za su kai ka layi na goma cif.

In ya goce, fara duba notocin zobban da ke riƙe da madubin kafin ka yanke wa madubin hukunci.