Idan Farantin Sola Ya Daina Cajin Kyamarar Tsaro

Kafin ka ce batir ya mutu, bi waɗannan matakai.

1. Sauko da kyamarar ka jona ta da cajar bango. Idan ta ɗauki caji, batirin lafiyarsa ƙalau, matsalar tana wajen farantin ko kebul.

2. Goge farantin da tsumma mai laushi da ruwa kaɗan. Ƙura da kashin tsuntsu suna rage wutar da yake samarwa fiye da yadda ake zato.

3. A nan ne yawancin matsalar take: inuwa. Ka duba farantin da safe, da tsakar rana, da la'asar, domin reshen bishiya ko bakin rufi kan kare shi a lokacin da ba ka nan. Inuwa a ɗan gefe ɗaya ma tana iya durƙusar da wutar farantin gaba ɗaya. Ka kuma duba inda farantin ya fuskanta: idan kana arewa da layin Ikwaita (layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu), ya fuskanci kudu. Idan kana kudu da shi, ya fuskanci arewa.

4. Cire kebul ɗin ka leƙa bakinsa. Tsatsa, danshi ko koren datti alama ce ruwa ya shiga. Busar da shi, ka mayar har robar da ke hana ruwa shiga ta rufe gam.

5. In kana da na'urar auna wuta, yawancin irin waɗannan faranti suna ba da kusan volt 5 a rana tsaka. Ka ga sifili, sauya farantin.

6. Komai lafiya amma caji na raguwa? Shiga manhajar kyamarar ka rage yawan gano motsi. Kyamarar da ke kallon titi tana farkawa duk lokacin da mota ta wuce, ta cinye abin da farantin ya tara.