Fentin cikin sabon gida: kada ka biye wa gaggawa

Duk wanda ya gina gida nan Maradi ya san yadda abin yake, ana gama yaɓe sai ka ji kamar gobe ma a tare, musamman in akwai amarya a hanya ko kuma mai gidan haya ya fara yi maka zuwan safe. To a nan ne mutane ke asarar kuɗinsu wallahi. Yaɓen siminti sabo ruwa ne cike da shi, ko da ka ga samansa ya yi fari cikinsa bai bushe ba. Ka ba shi aƙalla kwana 28, in damina ce ma ka ƙara, don bangon da anka yaɓe a watan Agusta ba ɗaya yake da wanda anka yaɓe a Maris ba. In ka shafa fenti bisa ɗanyen bango, bayan ƴan watanni za ka ga yana kumbura yana ɓarewa, ko kuma wani farin gari kamar kanwa ya riƙa fitowa daga ƙasan bangon, kuma mai fenti ba zai dawo ya gyara maka kyauta ba.

Akwai gwaji mai sauƙi, ko dala ba za ka kashe ba. Samu leda fara ka yanka kamar faɗin faranti, ka liƙa ta a bango da salatif ka toshe gefe huɗu, ka bar ta ta kwana. Da safe in ka tarar da raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, bangon bai shirya ba. Ka gwada a ƙasan bango da kuma ɗakin da rana ba ta shiga sosai, nan ne ruwa ke jimawa. Masu gini ta wajen gangaren Gulbi su fi kowa kula da wannan, don ƙasar can tana riƙe laima, ba kamar unguwannin tudu irin su Ali Ɗan Sofo ko Zariya ba. In laima daga ƙasa take hawowa, fenti ba ya maganinta komai tsadarsa, aikin magini ne.

Sannan mai wuta da mai famfo su gama nasu tukuna. Duk wani tsage bango na saka waya ko bututu a yi shi a toshe kafin mai fenti ya shigo.

Sai gyaran fuskar bango, wanda ni a gurina ya fi zaɓen kala muhimmanci. A kankare tudun siminti, a cike tsaguwa, sannan a bi da wannan farin ƙullun da ake shafawa da faranti a daidaita bango, masu aiki na ce masa andiwi. Hannu biyu siriri, wato shafawa sau biyu, ya fi hannu ɗaya mai kauri, mai kaurin tsagewa yake. In ya bushe a goge da samfefa, a share ƙurar tas. In kana son ka gane ko aikin ya yi, ka je da dare ka kanga fitilar wayarka a jikin bangon ta gefe, duk wani rami da tudu zai fito fili, ka sa alama da fensir ka nuna wa mai aikin da safe. Wanda aljihunsa bai kai ba zai iya yin andiwi a salo da ɗakin kwana kaɗai, sito da zaure a bar su da yaɓe mai laushi, ba laifi ba ne. Bayan nan hannun farko, wato share fage, ko dai a sayi na musamman ko a ɗan sassauta fentin da ruwa kaɗan don bango ya sha. Kaɗan fa na ce. Nan ne wasu masu fenti ke cuta, bokiti ɗaya su mai da shi biyu, ranar farko ya yi kyau, bayan wata ɗaya ka jingina rigarka ta kwashe fari.

Yanzu fentin kansa. Na ruwa da na mai, su ne aka fi samu a shagunan kayan gini, ko na nan ko wanda ke shigowa daga Kano da Katsina ta Jibiya. Fentin ruwa shi ne na ɗakuna da salo, ba ya da wari sosai, yana bushewa cikin ƴan awoyi, kuma yana barin bango ya fitar da sauran laimarsa. Amma shi ma iri iri ne. Akwai mai araha marar sheƙi wanda in ka sa tsumma mai ruwa sai ya biyo tsumman, akwai kuma mai ɗan sheƙi wanda ake gogewa. A garin da hazo ke shigowa tun daga Disamba har Fabrairu, ga yara da hannun miya, ga hayaƙin turaren wuta kullum, ina ganin ƙarin kuɗin mai goguwar nan bai faɗi ƙasa ba, aƙalla a salo da ɗakin yara. Marar sheƙin a kai shi rufi, can ba mai taɓawa kuma yana ɓoye aibu. Abu ɗaya dai, mai sheƙi ba ya rufa wa bango asiri, in andiwin bai yi kyau ba duk zai tona.

Fentin mai na ƙofa ne da taga da ƙarfe, ko kuma a yi dabarar nan ta makarantu da asibitoci, a shafa shi daga ƙasa zuwa kamar metir 1 da rabi, sama a sa na ruwa. Kada a lulluɓe ɗaki duka da shi a sabon gini, yana toshe bango, farinsa kuma yana komawa rawaya a ɗakin da ba haske. Yana ɗaukar kusan kwana kafin ya bushe, in ana iska mai ƙura duk sai ta manne masa. A duba jikin gwangwanin kuma ko an rubuta ba dalma a ciki, don wasu fentin mai suna da ita kuma guba ce ga ƙananan yara masu ɓantarar bango su kai baki. Madafa da makewayi kam karo ya fi, ko da rabin bango ne.

Maganar kala gajera ce, fari mai ɗan ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske ya fi ɓoye ƙurarmu bisa fari tas, kuma ɗaki yana da haske ko an ɗauke wuta. In uwargida ta nace sai kore ko shuɗi mai duhu, a ba ta bango ɗaya. A shafa ɗan wuri a bari ya bushe a gani da rana da dare kafin a sayi mai yawa, kuma in haɗawa za a yi da hannu a haɗa na ɗakin duka lokaci guda, haɗi na biyu ba ya taɓa fitowa daidai da na farko.

Lissafi kuwa, litir ɗaya na fenti mai kyau yakan rufe metir kare 8 zuwa 10 a hannu ɗaya. Ɗaki mai 4 bisa 4 da tsawon metir 3 bangonsa metir kare 48 ke nan, ka cire ƙofa da taga, hannu biyu zai ci wajen litir 10, ban da rufi da hannun farko. Ka sayi kayan da kanka, ka duba murfin ba a taɓa buɗe shi ba, ka yi jinga da mai fenti a kan aikin hannu kawai kuma ku faɗi adadin hannun da zai yi tun farko. Lokacin da ya fi daɗin aiki shi ne Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke hazo bai sauko ba. In kuma dole sai a zafin Afrilu, su fara da sassafe, don da rana fentin na bushewa tun a kan rulo sai ka ga layi layi a bango.